Madugu Uban Tafiya: Yadda Ake Riƙe Aiki Daga Farko Har Ƙarshe

 

Maganarmu ta yau kan riƙon aiki ce, irin aikin da mutanenmu na nan suka saba ce wa furoje. Da yawa in sun ji kalmar nan sai hankalinsu ya tafi kan farar mota da ma'aikatan ƙungiyoyin waje. To ka dakata, malam. Kai ma kana yin furoje, ko ka sani ko ba ka sani ba. Kiwon da kake fita kullum da safe ka dawo da yamma, da shagon da kake buɗewa kowace rana, wannan sana'a ce, ba ta da ranar ƙarewa. Amma in kun haɗa kuɗi za ku haƙa rijiya kafin damina, ko za ku gina rumfa a kasuwa, ko za ku turke raguna ku kai su kudu kafin Babbar Sallah, nan aikin yana da ranar farawa, yana da ranar gamawa, kuɗinsa ƙidayayye ne, kuma akwai abu guda da ake so a gani a ƙarshe. Shi ne furoje. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, da ragunanka hamsin, girma ne kawai ya bambanta su. Ka'idar riƙonsu ɗaya ce.

Bari in ba ka labarin da ya sa na ɗauko wannan magana. Shekarun baya, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, mutum biyar suka haɗa jari don su kai raguna Legas. A cikin kuɗin har da na wata baiwar Allah mai riƙon marayu, wadda ta damƙa wa ƙanenta abin da mijinta ya bari. Suka sayi raguna sittin masu kyau, aka turke su, suka yi ƙiba. Da lokacin tafiya ya zo, sai aka tarar ba wanda ya kama mota. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya yi. Duk manyan motocin an riga an kama su, da ƙyar aka samu ɗaya da tsada, ita ma ƙarama. A kan iyaka aka tambayi takardar likitan dabbobi, babu. Suka kwana biyu a nan. Saboda cunkoso da zafi raguna bakwai suka mutu a hanya. Suka isa kara daren jajibere, masu saye sun gama saye. Bayan Sallah aka karyar da sauran. Wallahi a cikinsu ba wanda ya ci ko dala ta wani, dukkansu mutanen kirki ne. Amma jarin marayu ya tafi, kuma har yau biyu daga cikinsu ba sa gaisawa. In ka tambaye su wa ke riƙe da tafiyar, kowa sai ya nuna wani.

Kakanninmu ba su tafiya haka. Fataken da ke tashi daga Kano su nufi Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, tafiyar watanni da jakuna, ba su ɗaga ƙafa sai da madugu. Shi ke faɗin ranar tashi, shi ke zaɓen zango, shi ke zama da sarakunan hanya a daidaita kuɗin wucewa, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Ayarin raƙuman da ke keta Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri, shi ma mai ja masa gaba madugu ake ce masa, kuma in ya yi kuskuren lissafin ruwa da ciyawa, rayuka ne za su salwanta. Turawa sun mai da wannan abu ilimi na makaranta. Wani Ba'amurke, Henry Gantt, ya fito da zanen jadawalin aiki wajen shekarun 1910, kuma a 1969 aka kafa babbar cibiyar masu wannan sana'a a Amurka. Sukan kasa aiki zango biyar: ƙulla niyya, tsari, aiwatarwa, sa ido, da rufewa. Mu bi su da misalin ragunan layya, don kowa ya san su.

Zangon farko, ƙulla niyya. Kafin a sayi ko tunkiya ɗaya, a zauna a amsa tambayoyi. Me za mu yi takamaimai? Raguna nawa, wane iri, balami ko uda, wace kasuwa? Wa ya sa nawa? Riba yaya za a raba ta, hasara kuma wa zai ɗauka? Sannan wa ke riƙe da aikin, kuma mene ne ladansa? Ka lura fa, mutum ɗaya ake naɗawa. Shawara ta kowa ce, amma bayan an gama shawara baki ɗaya ne ke cewa a tashi ko a tsaya. Kuma kada a ce lalle sai wanda ya fi kuɗi ko wanda ya fi shekaru. A nemi wanda ya san hanya, mai riƙon amana, wanda ba ya jin nauyin faɗin gaskiya. Alhaji mai jari mafi tsoka, in ba shi da lokacin bin aikin, ya haƙura ya bar wa mai lokaci, girmansa na nan.

Duk abin da aka yanke a rubuta shi, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. In ba mai rubutu, a ɗauki muryar kowa a waya a tura wa juna ta WhatsApp. Wani zai ce, haba, tsakanin wa da ƙane har sai an yi takarda? Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takardar nan zumuncin take tsarewa. Bayan wata uku kowa abin da ya yi masa daɗi yake tunawa.

Zango na biyu, tsari, kuma nan ne gwanin madugu ke bayyana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dabarar ita ce ka fara lissafi daga ƙarshe ka dawo baya. Layya ranar 10 ga Zulhajji ce, ba mai ɗaga maka ita. Kana so ragunanka su kasance a kara kamar mako ɗaya kafin nan, su huta, su sha ruwa, su murmure daga wahalar mota, masu saye su gan su. Ke nan 3 ga wata. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kilomita dubu ce ko sama da haka. Ko direba ya ce maka kwana biyu, kai ka rubuta huɗu, saboda shingaye da lalacewar mota. Lodi ya faɗo ƙarshen Zulƙida ke nan. Kafin lodi akwai tsallaka iyaka da takardu, ka ba su kwana biyu ko uku, ka kuma duba ranar kasuwa: in ta Maigatari za ka bi, Alhamis take ci, wanda ya kuskure ta sai ya jira mako. In turken wata uku za ka yi, ka ja baya da Zulƙida da Shawwal da watan azumi. Ashe saye tun ƙarshen Sha'aban ne, haɗa kuɗi kuwa tun kafin nan. Ka ga aikin da mutane ke fara tunaninsa bayan Ƙaramar Sallah, ashe ya riga ya makara.

Ka kuma tuna Sallah tana jawowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Turken da ya faɗo da kaka, lokacin da harawa da ƙowa suke banza, ba ɗaya yake da wanda ya faɗo tsakiyar bazara ba, lokacin da damin harawa ke neman ya kamo kuɗin hatsi. Lissafin bara ba zai yi maka bana ba.

A cikin ayyukan nan akwai waɗanda suke kamar sarƙa, wani ba ya yiwuwa sai an gama wani: saye, rigakafi, turke, takardu, lodi, hanya. Kwana ɗaya in ya ɓace a kan sarƙar nan, a ƙarshen tafiya za ka biya shi. Akwai kuma waɗanda ake yi a gefe ana cikin turke, kamar kama mota, da neman dillali a kara, da shirya wanda zai yi canji. Su ba su cin kwanan kowa in an yi su da wuri, amma in aka manta da su sai su hau kan sarƙar su tsinka ta. Abin da ya sami mutanenmu biyar ke nan. Madugu idonsa kullum kan sarƙar yake, kuma kowane aiki yana da sunan mutum a gabansa da ranarsa. Kada ka ce "a nemo mota". Ka ce wane, kai za ka kama mota, ka ba da kafin alƙalami kafin 10 ga Zulƙida, ka kira ni. Aikin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa.

Sai kuɗi. Ga misali, kuma lambobin na misali ne kawai, kai ka sa na kasuwarku. A ce jarinku miliyan 5 na sefa, wato jikka 5,000. Raguna 50 a kan jikka 60 kowane, jikka 3,000 ke nan. Dusa da harawa da kanwa da magani da ladan mai kiwo, jikka 800. Mota da takardu da la'ada da abincin yaran da za su bi kaya, jikka 700. Saura 500, kashi ɗaya cikin goma. Wannan ka ajiye shi gefe, kuɗin ko-ta-kwana ne. Za a samu wani cikin abokan jari ya ce, wannan kuɗi yana kwance, mu ƙara raguna takwas da shi mana. Nan ne ake gane madugu. Ka ce masa: yallaɓai, raguna takwas ɗin nan su ma ci za su yi, kuma wuri za su nema a mota. In za a ƙara su, a ƙaro kuɗin abincinsu da na motarsu, in ba haka ba duka hamsin da takwas ɗin za su rame tare.

Domin kowane aiki igiya uku yake da ita: yawan abin da za a yi, lokacin da aka ɗiba, da kuɗin da ke hannu. In ka ja ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Mai son ya ƙara aiki, ya ƙara kuɗi ko lokaci. Mai son a gama da sauri, ya ƙara kuɗi ko ya rage aiki. In aka ƙi duka, ingancin abin ne zai biya. A ragon layya kuwa inganci ba abin wasa ba ne: gurgu, da mai ido ɗaya, da mai ciwo bayyananne, da ramamme, ba su yin layya, mai saye ma ba zai dube su ba. Haka yake a rijiya. In aka ce a gama kafin ruwan farko, kuɗin siminti kuma bai kai ba, sai a rage kauri, damina biyu ta rufta.

Har yanzu muna cikin tsari, saura lissafin abin da ka iya ɓaci. Wasu na ganin ambaton masifa kamar kiranta ne. A'a, ɗaure raƙumi ne kafin tawakkali. Ku zauna ku jera: me zai iya faruwa, in ya faru ɓarnarsa nawa, kuma me za mu yi? Mu mutanen kan iyaka ba sai an ba mu labari ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, sai Maris na 2024. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi waje gab da layya. Wanda duk lissafinsa kan kasuwa ɗaya yake a hayin iyaka, rana ɗaya sanarwa za ta karya shi. Madugu tun farko yana da kasuwa ta biyu a ransa: in kudu ta ƙi, Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, kuma ya san farashin can. Kafin a yi lodi ya je da kansa wajen duwan da likitan dabbobi ya ji abin da doka ke cewa a wannan makon, kada ya dogara da an ce. Bin hanyar daji da dare da dukiyar mutane kuwa caca ce. In aka kama kayan ko aka tare su, me za ka gaya wa masu jari?

Canji ma ka sa shi cikin lissafi. Da sefa ka saya, da naira za ka sayar. A ce cinikinka ya kai darajar miliyan 6 na sefa ranar da ka sayar, jarin miliyan 5 kuma duk ya shiga aiki. In ka yi jinkiri naira ta faɗi da kashi ɗaya cikin goma kafin ka canza, abin da zai zo hannunka miliyan 5 da jikka 400 ne. Ribar miliyan guda ta koma ƙasa da rabi, alhali ko rago ɗaya bai mutu ba. Saboda haka riba sai an ƙirga ta da kuɗin da aka sa jari da shi.

Zango na uku da na huɗu tare suke tafiya, aiwatarwa da sa ido. A nan yawancin aikin madugu magana ce da sauraro. Ba shi ke ba raguna dusa ba, ba shi ke tuƙa mota ba. Mai kiwo ya fi shi sanin dabba. In Bafulatanin da ke turken ya ce maka ragon can ya daina tuƙa, hancinsa na zuba, ka ware shi yau ka kira likita, kada ka ce sai gobe. In direba ya ce motar hamsin take ɗauka, kada ka matsa masa ya ɗauki sittin. Kowane mako ka zaga turke, ka duba abincin da ya rage, ka gwada abin da aka kashe da abin da aka rubuta. Kuɗin aiki aljihunsa daban, ko goro ka saya da shi ka rubuta. Ranar Juma'a bayan masallaci ka gaya wa masu jari inda aka kwana, ko da minti biyar ne a waya.

Abin da ya fi wuya shi ne kai mugun labari da wuri. Raguna uku sun mutu, ko dusa ta yi tsada kuɗin abinci zai ƙare kafin lokaci. Zuciya za ta ce maka ka yi shiru, wataƙila riba ta rufe. Kada ka yarda. Labarin da ka kai yau, akwai abin da za a iya yi a kansa: a sayar da biyar a nan gida a ciyar da sauran, ko a taɓa kuɗin ko-ta-kwana da yardar kowa. Wanda ka ɓoye har ranar rabo kuwa, ko gaskiya ka faɗa sunanka ɓarawo.

Kada ka manta da waɗanda ba su sa ko dala ba amma suna iya tsayar da aikin. Maƙwabcin da turkenku ke jikin katangarsa, mai unguwa, masu rijiyar da za ku riƙa shayarwa, sarkin kara a can inda za a sauke. Gaisuwa da neman izini tun farko sun fi ban haƙuri daga baya araha.

Zango na biyar, rufewa, shi ne wanda aka fi tsallakewa. An sayar, an dawo, kowa ya karɓi wani abu a tsaitsaye, an watse. Ba haka ba ne. A sa rana, a zauna da shaidun nan biyu, a buɗe littafi. A fara biyan mai kiwo da direba da duk wanda ake bin bashi, a mayar wa kowa jarinsa, sannan a raba abin da ya rage yadda aka rubuta. In hasara ce, ita ma a raba ta yadda aka rubuta. Daga nan a tambayi juna: me ya yi kyau, me ya ɓaci, wane dillali ne ya cika alkawari, wane shinge ne ya ci mana lokaci? A rubuta a ajiye, baɗi da shi za a fara. Sai madugu ya ce na sauke, a yafe wa juna, a shafa fatiha.

Kai da za a ɗora wa riƙon aiki, ka sani amana ce ka ɗauka, kuma kana da damar ka ƙi karɓa in ba a ba ka abu uku ba: yarjejeniya a rubuce, kuɗin ko-ta-kwana, da ikon yanke magana in ana kan hanya. Ku kuma masu jari, in kun naɗa mutum ku bar shi ya yi aikinsa. Kada kowa ya riƙa kiran direba ta bayan fage yana ba shi nasa umarni. Ku tambaye shi lissafi duk lokacin da kuka so, haƙƙinku ne, amma linzami a hannu ɗaya yake zama.

Kafin mu sake saduwa, ga ɗan aiki. Duk wanda ke da wani abu a gabansa, rijiya ce, rumfa ce, ko ragunan layya, ya ɗauki takarda yau da dare ya rubuta ranar da yake so a gama, ya yi ta ja da baya har ya iso ranar da ya kamata a fara. In ya tarar ranar ta riga ta wuce, ya kira abokan jarinsa gobe da safe a rage aikin ko a sake shawara, tun kuɗin mutane bai fita ba.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da dabbobinmu, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.